Ƙodar Alade

Ilya na tsotsar ƙanƙara, don likita ya ƙayyade masa ruwan sha, 'yan dubiya kuma na gardama a kansa. Falonsa na Rillieux-la-Pape, a gefen birnin Lyon, ya cika da 'yan Zinder. Sun kawo kilishi daga unguwar Guillotière, abin da mai wankin ƙoda ba ya ci, suka cinye da kansu.

Matarsa Ruwaida ce ta ɗauko zancen: a Amurka an fara gwada dasa wa mutane ƙodar alade.

"A'uzubillahi," in ji Alhaji Yakubu, dattijonsu. "Ka tashi gaban Ubangiji da naman alade a ciki?"

"Lalura ce, Alhaji," wani ɗalibi ya ce.

"Lalurar Turawa dai."

Maza cike da ɗaki, kowa da ƙodarsa biyu, ba wanda ya taɓa zuwa gwajin ba Ilya ƙoda. Uzairu ƙanin Ilya, da ya zo daga Paris, shi kaɗai ya je.

* * *

Bara ne Uzairu ya yi gwajin, ya kuma dace. Ranar da aka gaya masa, ya kira Inna, mahaifiyarsu, a Zinder da murna. Sai ta ce:

"Ɗaya na kwance, ɗayan kuma a yanka shi? Ban yafe ba, Uzairu."

Ya ce to. Abin da ya fi cin sa shi ne sanyin da ya ji a ƙirji lokacin da ta hana. Ya shaida wa Ilya jininsu bai zo ɗaya ba. Asibiti kuwa ba ta tona asirin wanda ya fasa.

* * *

Da baƙi suka watse, Ilya ya rako Uzairu bakin ƙofa, yana dafa bango, ƙafafunsa a kumbure.

"Yaya, da gaske za ka karɓi ta aladen?"

"In ta iso Lyon ina raye." Ya yi 'yar dariya. "Shi dai alade uwarsa ba ta hanawa."

Uzairu ya dubi takalmansa.

"Ça va, ba komai, ƙanena. Inna ta gaya mini tun bara. Gai da yara."

A jirgin ƙasa na komawa Paris, Uzairu ya sayi gorar ruwa mai sanyi. Ya buɗe, ya rufe. Har suka isa tana kan cinyarsa, tana jiƙa masa wando.