Laifin da Aka Ɗora wa Pepper

Shekara talatin da ɗaya Lyle Brandvold ya yi yana wanke daɓen wata makarantar firamare a garin Duluth na Amurka, kuma ba a gama hira da shi bai faɗa ba. Shi ya sa da ya tare a gidan ɗansa Curtis bayan rasuwar matarsa, surukarsa Renata ta miƙa masa 'yar kwalbar feshi da busasshen tsumma, ta ce da su kaɗai ake goge falo, sai ya karɓa da murmushi, a ransa kuwa cewa yake yarinyar nan ta raina shi. Ta yi masa bayani cewa allunan laminet da aka shimfiɗa a daɓen ba katakon gaske ba ne, garin katako ne aka matse aka manna masa hoton itace, ruwa yana shiga tsakanin allunan sai su kumbura. Ya ce ya ji. Ta bayan kunnensa maganar ta bi.

Suna fita aiki sai ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko bokiti, ya cika shi da ruwan zafi da sabulu, ya malale falon tun daga ƙofa har kicin. A ganinsa feshi ba ya fitar da gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, wanda takalma ke kwasowa. Kafin su dawo daɓe ya bushe, bokiti ya koma maɓoyarsa.

A watan Fabrairu bakin allunan da ke kusa da ƙofar baya ya fara tashi, har safa tana maƙalewa. Curtis ya durƙusa ya shafa wurin, ya miƙe ya ce fitsarin Pepper ne. Pepper tsohon karen Renata ne, shekararsa goma sha uku, tun kafin aure yake tare da ita. Lyle yana tsaye da kofin kofi a hannu, gaskiya ta zo masa har baki, ya haɗiye ta da kofin. Kunya ce ta hana shi, ta a ce gwanin daɓe ya lalata daɓe.

Aka mai da karen gareji da bargo ɗaya. Lyle ya daina taɓa bokiti, amma katakon da ya sha ruwa ba ya komawa. Da rana, in gida ya yi tsit, yana jin Pepper yana karce ƙofa. Sai ya kai masa guntun nama ya ajiye ya juyo da sauri, don ko idon karen ba ya iya kallo.

Ran Asabar ta uku da kai karen gareji, ana karyawa, Curtis ya ce za a sake daɓen, amma ba zai sa sabon daɓe ba muddin karen yana gida, a kai shi gidan karɓar dabbobi. Kowa a teburin ya san ba mai ɗaukar kare mai shekara goma sha uku, kuma ya san kashe shi za a yi a ƙarshe. Renata ta tashi ta fara wanke kwanon abincinsa.

Lyle ya bi ɗansa waje, ya same shi yana kwashe ƙanƙara da shebur. Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya yi.

Curtis ko ɗagowa bai yi ba. "Na sani, Baba. Tun Disamba na ga bokitin."

"Ka sani, ka bar karen a sanyi?"

"To ya zan yi? Tun ranar da ka bar murhu a kunne Renata take tara takardun gidan tsofaffi. In ta ji kai ne, shi ke nan. Kare ne fa, Baba. Ka yi shiru kawai, na rufa maka."

Lyle ya ji kunnuwansa sun yi zafi duk da sanyin. Ashe ya kai matsayin da ɗansa zai yi ƙarya a kansa kamar yaron da ya jiƙa shimfiɗa. Tsoron gidan tsofaffin ya kama shi sosai, har ya tsaya jim a bakin ƙofa yana tunanin bin shawarar. Sannan ya shiga.

Ya tarar da Renata a kicin, igiyar karen a hannunta.

"Renata, ajiye igiyar nan. Ba shi ba ne, ni ne. Kullum nake wanke falon da ruwa."

Ta juyo ta dube shi. Ya so ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi, amma a hankali ta yi magana.

"Sati uku yana kwana a gareji. Kana gida, kana jin sa."

"Ina ji."

Ta ajiye igiyar a kan tebur, ta raɓa ta gefensa ba ta sake dubansa ba, ta buɗe ƙofar gareji ta kira karenta.