Ashana a Hannun Dama

Mai kitso ba mace ba ce mai saurin firgita, amma da watanta ya wuce ba ta ga al'ada ba, kibiyar kitso ta yi ta suɓuce mata a kan kawunan mutane.

Kuma da dalilinta, baiwar Allah. Haihuwarta ta ƙarshe sai da aka yi mata aiki, ta zubar da jini har aka shiga neman mai ba da nasa. Kafin a sallame ta likita ya zaunar da ita da mijinta, ya ce mahaifar nan tana buƙatar hutu mai tsawo, in ciki ya shiga da wuri ɗinkin yana iya buɗewa. Aka ba ta ƙwayar tazarar haihuwa. Ga shi yaron ko rarrafe bai gama koya ba.

Mijin nata direban babbar mota ne, in ya ɗau hanya sai ya yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Ita dai ta san abu ɗaya: bai taɓa shigowa gidan nan ba ta sha ƙwayarta ba. To ta ina aka samu matsala?

Nan zuciya ta fara yi mata saƙa. Ta tuna cewa a bayan madubi take ajiye katin ƙwayar, kusa da taga, amma bayan tafiyarsa ta ƙarshe a saman durowa ta tsince shi. Ta tuna yadda yake ɗaga yaron sama yana cewa, "Kai malam, ƙanwa kake buƙata, ka samu mai ja maka kunne." A lokacin dariya ta yi. Yanzu kuwa maganar ta daina ba ta dariya.

Matar mahauci ce a zaune tsakanin ƙafafunta rannan, ana yi mata ƙananan kitso. Tsohuwar mai zuwa shagon ce, kuma ba abin da ba ta sani ba, har wanda bai faru ba.

"Ke, kin ja ni da yawa! Me ke damun ki yau?"

Mai kitso ta sunkuya ta raɗa mata.

"Uhm," in ji matar mahauci, ta gyara zama. "A saman durowa? Ƙafa katin ya yi? Ƙawata, direbobin nan aljihunsu cike yake da ƙwayoyi farare, na ciwon baya, na hana barci. Kuma namiji in yana son abu, murmushi yake yi."

"Ai a rufe suke a cikin leda."

"Ke dai kin cika yarda da mutane."

Tun daga nan mai kitso ta rasa sukuni. In shago ya yi shiru sai ta ciro katin daga jaka, ta ɗaga shi a hasken ƙofa, ta juya shi, ta shinshina, tana neman inda aka ɓare aka liƙe. Ba ta ga komai ba. Rashin ganin ma sai ya ƙara mata zargi, ta ce lallai mai hannun da ke ɗaure tayar mota ba zai kasa liƙe leda ba.

Wata rana da hantsi mijin ya dawo, ƙura har gira, da ledar lemo a hannu. Ko ruwa ba ta ba shi ba.

"Baban yara, wa ya taɓa mini magani?"

"Wane magani? Ko sannu da zuwa babu?"

"Sannunka. Wa ya ɗauke shi daga bayan madubi?"

"Ni ne. Babbar 'yarki na kama ta hau kujera tana ɓallewa, wai alewa ce. Shi ne na ɗora a sama."

Amsar ta zo da sauri, saurin ma bai yi mata ba.

"Ban ga al'ada ba," ta ce, tana kallon idonsa. "Kai kuma kullum bakinka ƙanwa, ƙanwa."

Ya ajiye ledar a hankali. Lemo ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya bi shi.

"Ni? Ni da na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ina jin kamar raina zai fita? Jinin wa ke yawo a jikinki yanzu in ba nawa ba?" Ya ɗauki makullinsa. "Sa mayafinki. Asibiti za mu, a gaban masu abin za a yi ta."

A ɗakin tazarar haihuwa suka tarar da nas, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Ta ba mai kitso 'yar roba ta kawo fitsari, kafin sakamako ya fito ta karɓi katin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan katin ai tun na sallama ne. Ya aka yi bai ƙare ba? Ga rami nan, ga rami can, kamar kaza ta tsattsage shi. Yaya kike sha?"

"Yadda ya kamata, Sista. Ranar da ya dawo in sha, duk kwanan da zai yi ina sha. In ya tafi in ajiye."

Nas ta cire tabarau.

"In ya tafi ki ajiye?"

"To me zan kare in mutumin ba ya nan? An ce in ta yi yawa taruwa take a mahaifa."

"Wa ya ce?"

Fuskar matar mahauci ce ta faɗo wa mai kitso a rai.

"'Yata, wannan ƙwaya ba ta san mijinki ba, ba ta san motarsa ba. Kullum ake shan ta, yana nan ko ba ya nan. Ba wanda ya canza miki komai. Sha da ajiyewa shi ya rikita miki al'ada, ga shayarwa kuma." Ta duba ɗan tsinken gwajin. "Allah ya rufa asiri. Babu ciki."

Direba ya jingina da bango ya sauke ajiyar zuciya. Matarsa ta kasa kallonsa.

Nas ta jawo wani faranti ta shiga nuna musu. Ga allura, amma sai an riƙa dawowa a kan lokaci. Ga robar da ake sa wa a mahaifa. Ga kuma ashana, ɗan siririn abu da ake sa wa a ƙarƙashin fatar dantse, ya yi shekaru, duk ranar da aka so a cire. Ta ce kowanne da halinsa, ashanar ma tana iya rikita al'ada, gara ta sani tun yanzu.

"Allura kam ban da ita," in ji direba. "Wannan in kai ya shiga hannunta, tuwo ma ƙonewa yake."

"Ba da kai ake ba." Mai kitso ta ɗauki ashanar da yatsu biyu tana harararta. "Sista, ba ita ce ke tafiya zuciya ba?"

"Wadda ta ce miki ƙwaya na taruwa, ita ta faɗa?"

"Ita ce."

"Za ki riƙa jin ta da yatsanki. In kin lalaba ba ki ji ba, ki zo ki same ni. Kawo hannun hagu."

"A'a. Bahaguwa ce ni, da shi nake tsaga. Sa a dama."

Aka sa a dama, aka naɗe da bandeji. A hanyar gida ta yi ta satar kallon mijin, har dai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Baban yara, ka ci abinci kuwa?"

"Wanda ake zargi yana cin abinci ne?"

"Ka yi haƙuri mana."

"Na ji. Amma lemon da ke ƙarƙashin gado ke za ki ciro."

Da aka kwance bandejin, matar mahauci ta zo gyaran kai. Ana cikin tsaga ta hango tabon.

"Iye! Ashana kika sa? Ai wata a unguwarmu..."

Mai kitso ta danna mata kai ƙasa.

"Sunkuya, ƙawata, ƙeya zan yi."

Amma tana kama gashin, sai da ta kai yatsa dantsenta ta lalaba. Ashanar tana nan inda aka ajiye ta.