Layi na Biyu a Baƙin Allo

Tun daga bakin ƙofa Auta ta fara toshe hanci. Ɗakin Baba ne fa, ɗakin da a da ko allura ka yar sai ka tsince ta, amma yau ga faranti biyu a ƙarƙashin kujera maiko ya daskare a ciki, ga safar Yaya ƙafa ɗaya a kan tebur, ga tsinken sakace da aka tauna aka tofar a gefen kwamfuta. Ta yi tsaki har sai da Baba ya juyo daga inda yake kwance yana kallon bango.

"Auta ce? Wa ya ce ki zo?"

"Gwaggo ce ta kira ni. Ta ce mako uku ba ka cin abincin kirki. Baba, a ce rubutunka ya ɓata mako uku, ni da aikina ke nan, ba wanda ya gaya mini?"

"Yayanki ya ce kada a ɗaga miki hankali. Ya ce abin da ya tafi ya tafi."

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana awon ruwan sama a tashar duba yanayi. Kullum ƙarfe tara na safe zai je ya duba kwalbar awo ya rubuta abin da ya gani, ko da ɗigo uku ne, kuma ba a taɓa kama shi da lambar ƙarya ba. Da ya yi ritaya, Inna kuma ta rasu, sai ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da Auta ta ba shi ya fara rubuta tarihin rayuwarsa da yatsa biyu, ɗaya nan ɗaya can, kamar kaza na tsattsagar gero. Shekara uku yana yi. Babi goma sha bakwai. Auta ta sha ce masa a kwafe a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, shi kuma ya ce sai ya gama, ba a nuna wa mutane gini ba rufi.

Sai ga Yaya ya dawo gida da zama, wai don ya kula da Baba. Yaya kuwa, Farfesa ake ce masa a unguwa, ba don ya koyar da kowa komai ba, sai don ba a taɓa yi masa tambayar da ya ce bai sani ba. Shi ne ya ce kwamfutar ta yi nauyi, bari ya sa mata babbar manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Manhajar ba ta da laifi, Auta da kanta da ita take aiki a ɗakin kwamfutocin kwalejin da take yi wa hidima. Laifin na mai hannun da ya taɓa ne.

Ta ja kujera, ta ɗage safar da bakin biro ta wurgar waje, ta buɗe kwamfutar. Wa'iyazubillahi! Madannan sun yi baƙi ƙirin da maiko, wasu har suna mannewa idan an danna, ga ɓawon gyaɗa ya cika tsakaninsu. A kan madannin tazara akwai wani abu busasshe da ba ta so ta san daga wane rami na jikin ɗan Adam ya fito ba. Ta ɗauko auduga da ruwan goge allo daga jakarta, ta yi minti goma tana dirza tana tsine wa ƙazanta, kafin ta yarda yatsanta ya sauka a kai.

Ta kunna. Allo ya yi baƙi, ya ƙifta, sai ga sabuwar manhaja ta buɗe kai tsaye, ba tambaya ba sallama.

"Ka ga inda matsalar take, Baba. Idan manhaja biyu suna cikin kwamfuta ɗaya, da an kunna sai jerin zaɓi ya fito, ya tambaye ka wacce kake so. To nan ba ya fitowa."

"Ai da yana fitowa," in ji Baba, bai ko tashi zaune ba. "Baƙin allo da farin rubutu. Yayanki ya nuna mini in sauka layi na biyu in danna. Ranar Talata ya sa sabuwar, na yi rubutu Talata da yamma, na yi Laraba, na yi Alhamis da safe. Ranar Juma'a na kunna babu."

Auta ta tsaya. Ita ta zo ne da zaton Yaya ya yi gangancin nan da 'yan koyo ke yi, ya zaɓi a share komai lokacin sakawa. Amma wanda aka share ranar Talata ba ya buɗewa ranar Laraba. Ta shiga inda ake ganin yadda aka raba ma'ajiyar kwamfutar. Ga sabon sashe, ga kuma tsohon nan zaune daram, cike da kaya, ko ƙwarzane babu. Amma ta kama bakinta. Ba za ta ɗaga ran tsoho sama ba sai ta ga rubutun da idonta.

Daidai nan Yaya ya shigo, da singileti da zanin barci, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yana sosa kunne da makullin babur.

"A'a, Injiniya! Saukar yaushe? Kada ki wahalar da kanki, na bi ta ko'ina. Ma'ajiyar ce ta tsufa, sashen ya ƙone. Irin wannan ko a kamfanin da suka ƙera ta sai dai haƙuri."

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Ni dai na gaya wa Baba, komai na duniya mai ƙarewa ne. Ko Inna, lokacin da take riƙe da hannuna za ta cika, abin da ta ce mini ke nan, ta ce babban ɗa, ka riƙe gida, ka yi haƙuri da duniya."

Wannan labari Auta ta ji shi ya fi sau ɗari. Tana makaranta a wani gari lokacin da Inna ta rasu, ba ta iso ba sai washegari, kuma shekara shida ke nan duk sanda Yaya ya ba da shi sai ta ji kamar an ɗora mata dutse. Da labarin yake kashe kowace gardama a gidan. Ya duba bakin makullin, ya goge abin da ya fito a jikin labule. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ta buɗe fayil ɗin da ke riƙe da saitin jerin zaɓi. Layuka ne kaɗan, ta san su kamar tafin hannunta. Lokacin jira, wanda ya kamata ya zama sakan goma, an mai da shi sifili. Yanayin nunawa, an rubuta a ɓoye. Can ƙasa kuma an ƙara layin da ke hana kwamfutar neman wata manhaja a cikinta. Ta yi ƙoƙarin yi masa uzuri, don wani lokaci haka saitin ke zuwa da kansa. Sai ta duba ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe. Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma.

Akwai wani abu da duk mai aiki da wannan manhaja ya sani, Farfesa kuwa bai sani ba. Baƙar tagar da ake rubuta umarni a ciki ba ta mantuwa. Idan ka danna kibiyar sama, sai ta dawo maka da abin da aka rubuta na ƙarshe, ka sake dannawa ta kawo na bayansa. Auta ta fara dannawa tana bin sawunsa da baya. Ga inda ya sabunta jerin. Ga inda ya buɗe saitin. Ga inda ya yi kuskure sau huɗu kafin ya dace. Ga inda ya shiga tsohon sashe, cikin foldar Baba. Ga kuma fayil ɗin da ya buɗe kafin duk wannan: babi na goma sha huɗu, ranar da uwar yara ta tafi.

Tir! Abin da ya fi tayar mata da zuciya ma, ko muguntar bai iya yin ta da gaba gaɗi ba. Bai share ba, don hotunansa da takardunsa na neman aiki suna cikin sashen. Sai ya ja labule kawai, ya bar tsoho yana kallon bango mako uku, shi kuma yana zaune a kujerar tsohon yana ɓare gyaɗa a kan kwamfutar.

"Ya dai, Injiniya? Kin ga abin da na gaya miki ko?"

"Na gani, Yaya. Na gani sosai."

Ta mai da lokacin jira, ba ma sakan goma ba, ta sa jerin ya tsaya har sai mutum ya zaɓa da hannunsa. Ta cire ɓoyewar, ta goge layin da aka ƙara, ta ba da umarnin a sake gina jerin. Rubutu ya gudana a allo, a cikinsa ga layin da ke cewa an sami wata manhaja. Ta kashe ta kunna.

"Baba, taso ka gani."

Ya taso da ƙyar, yana dafa bango. Auta ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta kau da kai. Baƙin allo, farin rubutu, layi na biyu yana nan inda ya bar shi. Baba ya sa tabarau, ya miƙa yatsa ɗaya, ya sauka ya danna. Tsohuwar manhaja ta ɗauki lokacinta kamar kullum, sannan ta buɗe. Babi goma sha bakwai, a jere. Bai yi kabbara ba, bai yi kuka ba. Ƙirga su ya yi da yatsa a kan allo, sau biyu.

"Ikon Allah!" in ji Yaya da ƙarfi. "Ka ga, wani lokaci sashen da ya ƙone yakan farfaɗo idan kwamfuta ta huce. Dama na yi tunanin..."

"Yaya, don girman Allah ka yi shiru." Ba ta taɓa yi masa magana haka ba tun da aka haife ta. "Ba abin da ya ƙone. Hannu aka sa aka ɓoye ranar Alhamis, bayan an karanta babi na goma sha huɗu. Kwamfutar ta ajiye komai."

Sai borin kunya ya tashi. Wai shi za a yi wa ƙazafi a gidan ubansa, shi da ya bar harkokinsa ya zo jinya, wai yarinyar da ya goya ce yau take nuna masa yatsa don ta iya danne-danne. Baba bai ko dube shi ba. Ya buɗe babin, ya matsar da kwamfutar gaban Auta.

"Idona ya yi hazo. Karanta mini daga sakin layi na uku."

Ta karanta, muryarta tana sauka. "Laraba. Ruwa ya sauka tun azahar, milimita goma sha biyu. Ta cika ƙarfe uku da kwata, ni da ma'aikaciyar jinya ne kawai a ɗakin. Tun safe na kira babban ɗana sau tara, bai ɗauka ba. Ta tambaye shi sau biyu, ta tambayi Auta sau ɗaya, na ce mata tana hanya. Ya iso ƙarfe biyar da rabi. Da na ji labarin da yake bayarwa a wajen zaman makoki ban ce komai ba, don na ga a kansa yake tsaye, idan na janye zai faɗi."

Auta ta ajiye hannu a cinya. Shekara shida tana sunkuyar da kai gaban mutumin nan, tana jin ita ce wadda ba ta zo ba. Ta dube shi, da singiletinsa mai tabon miya da makullin da har yanzu yake hannunsa, ta ji ba ma fushi take yi ba. Ƙyama ce zalla, irin wadda ta ji da ta buɗe madannan.

"Baba, ai... ai mutane za su karanta," in ji Yaya, muryar ta zama ƙarama. "'Ya'yana za su karanta."

"Da ka zo ka ce mini haka ranar Alhamis ɗin, da na cire," in ji Baba. "Wallahi da na cire. Shekara shida na rufa maka asiri, sakin layi ɗaya ne zai gagare ni? Kullum kana shigowa nan kana ganina kwance, kana tambayata ko a kawo shayi."

Auta ta zaro filas daga jakarta ta soka, wannan karon ba ta nemi izini ba, shi ma bai hana ba. Da kwafin ya gama, Baba ya jawo kwamfutar gabansa, ya gyara zama, ya buɗe sabon shafi. Ya rubuta babi na goma sha takwas da yatsunsa biyu, a hankali. Sannan ya ɗago ya dubi Auta ta saman tabarau, yadda yake duban kwalbar awo.

"Kika ce ranar Alhamis. Ƙarfe nawa?"

"Huɗu da minti goma sha biyu, Baba."

Ya sunkuya ya fara dannawa.