Hannun Tambari Wanzami

Shekara arba'in Tambari yana aski da ƙaho a Zurmi, yana zuƙe wa mutane mataccen jini daga gwiwa da gadon baya. Sai ga ciwo ya zo ya tare a wuyan hannunsa na dama. Wurin ya kumbura, zafi kamar an binne garwashi a ciki. Sau uku yana kafa wa kansa ƙaho, shiru.

"Malam, ko cokali ba ka iya riƙewa," in ji matarsa Suwaiba, idonta ya ciko. "Ran Juma'a kuma kan jinjiri za ka aza ma aska? Tashi mu tai asibitin Kaura."

Jinjirin jikan Alhaji Safwan ne na Shinkafi. Tambari ne ya yi wa uban yaron askin suna, gidan ba su san wata aska ba sai tasa.

A asibiti likita ta zuƙo ruwan gaɓar da allura, aka auna.

"Baba, ba jini ba ne. Kalsiyam ne, sinadarin da ke gina ƙashi, ya daskare a gaɓar kamar garin kwalba. Ba mu da maganin narkar da shi. Zai lafa, wata rana ya dawo."

Ta yi masa allura a wurin, ta rubuta ƙwayoyi, ta ce ya riƙa ɗora ƙanƙara, ya hutar da hannun.

"Ashe ke ma zuƙa kike yi," ya ce, da murmushin gajiya.

Ran Juma'a kumburin ya saɓe. A zauren Alhaji ya tarar da Muhtari, wanzamin Shinkafi, tsaransa kuma abokin hamayyarsa.

"Tsoho, an ce yanzu likita ka yi ma ƙaho!"

Aka yi dariya. Tambari ya karɓi jinjirin, ya jiƙa masa kai, ya buɗe aska. Sai wani ɗan tsinke na zafi ya soke shi a wuyan hannu, ƙarami ƙwarai, ba wanda ya lura. Ya dubi maɗigar yaron tana bugawa ƙarƙashin laushin gashi. Ya daɗe yana dubanta.

"Muhtari, taso."

"Mi ya faru?"

"Amshi. Ka bi a hankali wajen maɗiga."

Muhtari ya buɗe baki zai yi ba'a, ya fasa. Ya durƙusa ya karɓi askar da hannu biyu. Tambari ya tallabe kan jinjirin da hagu, har aka gama.