Warƙoƙin da ke Hannun Baffa

Ruwan tsakiyar damina ne ya yanke shawarar da Lubabatu ta daɗe tana jan ƙafa a kanta. Soron littattafan mahaifinta, marigayi Malam Sha'aibu na Yako, ya tsage daga kusurwar gabas, ruwa ya bi azara ya sauka kan gafakoki, jakunkunan fatar da littattafan ke ciki. Da ta kwance su washegari sai ta tarar gara ta riga ruwan isowa, ta yi ɓarnarta a ɓoye ba sallama. Lubabatu ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Akwai wata ma'ajiyar littattafan rubutun hannu a Kano da ta daɗe tana aiko mata da saƙo. Suna da ɗaki mai sanyi wanda ruwa ba ya shiga, gara ba ta san hanyarsa ba. Littattafan za su ci gaba da zama na iyalan Malam, amma sharaɗi ɗaya ne: littafin da ya shiga ba ya sake fitowa, mai son karatu sai dai ya duba hotonsa a kwamfuta. A wannan karon ta amsa.

Suka turo ma'aikacinsu, Munir, mutum mai haƙuri da tsantseni. Sai ya sa safar hannu yake taɓa takardar da Malam ya shekara yana juyawa da yatsun da suka gama ɓare goro. Kowane littafi sai ya ɗauki hotonsa, sannan ya shigar da bayaninsa a kwamfuta: sunansa, wanda ya rubuta, da ko cikakke ne ko da saura. Daga nan a sa shi a kwali, a manna masa lamba.

Da yawa sun shiga kwali a matsayin masu saura, Lubabatu ta haɗiye. Littafi ɗaya ne ba za ta iya haɗiyewa ba, wato babban littafin fiƙihu da Malam ya kwafa da hannunsa tun yana saurayi, ya cika gefensa da bayanai da jar tawada. A ciwonsa na ajali ya ce mata, "Sauran ki yi yadda kika iya. Wannan kada ki bari ya watse."

Munir yana kusa da ƙarshensa sai ya ɗago. "Malama, akwai giɓi a nan. Kalmar da ke ƙasan warƙar nan ba ita ce farkon ta gaba ba."

Ba ta ko leƙa ba, don ta san inda warƙoƙin da babu suke. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka. Al'adar makarantar Malam ita ce ya zare wa ɗalibi 'yan warƙoƙi ya tafi da su gida, in ya dawo ya biya karatun a gabansa sai ya mayar da su, a zaro masa na gaba. Bayan rasuwa kowa ya dawo da abin da ke hannunsa, ban da mutum ɗaya.

Baffa makiyayi ne, rugarsa na bayan Badafi. Ya fara littafin nan tun Lubabatu tana tallar gyaɗa, ga shi yau ita ma ta aurar da 'ya, shi bai sauke ba. Da damina ya zo ya ɗauki darasi, da rani ya bi shanu kudu wajen Doguwa, ya dawo ya mance rabi a sake daga baya. Ɗalibai sun sha yi masa dariya a bayan ido. Malam kuwa bai taɓa yi ba.

Ranar Litinin motar ma'ajiya za ta zo, don haka tun Asabar ta hau babur ɗin haya ta nufi rugar. Ta same shi a gindin ɗorawa, gemu ya yi fari fat. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo mata kindirmo. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya shiga bukka ya fito da ƙunshin fata, ya ɗora a cinyarsa, amma bai miƙo ba.

"'Yar Malam, ai ban biya ba."

"Baffa, Malam ya rasu."

"Na sani, da ni aka kai shi. Amma ya ce in je in karanta in dawo in biya. Na karanta. Yaya zan mayar da abin da ban biya ba?"

Ranta ya ɓaci, gaskiyar magana. Ta yi tafiyar nan cikin taɓo, ga tsoho ya kafe a kan abin da ba shi da mafita. Ta danne, ta ce a hankali, "To wa za ka biya wa?"

Ya dube ta kamar ta yi tambayar yara. "Ba ke kike zama bayan ƙyaure kina ji ba? Malam ya ce mini kin fi mu duka riƙewa."

Ranar Litinin da hantsi Baffa ya iso zauren, ya jingine sandarsa, ya cire takalmi. An riga an jera kwalaye a bakin ƙofa, direba yana ta duba agogo. Lubabatu ta shimfiɗa tabarma a gefen buzun mahaifinta, don ba ta iya hawa kansa ba. Baffa ya durƙusa ya buɗe ƙunshin. Warƙoƙin sun sha hayaƙin bukka har sun yi ja, amma ko kusurwa ɗaya ba ta naɗe ba.

Ya fara, yana ɗaukar Larabcin kalma-kalma yana ba ta ma'ana da Hausarsa mai karkata zuwa Fillanci. A hankali yake tafiya, yatsa a kan layi. Ya yi tuntuɓe a wani wuri, ta gyara masa, sai ta ji gyaran ya fito daga bakinta da irin jan muryar mahaifinta. Ta yi masa alama ya ci gaba. Munir, da ya zo tsayawa na ɗan lokaci, ya sami wuri ya zauna.

Da Baffa ya kai ƙarshe sai ya haɗa warƙoƙin ya miƙo mata da hannu biyu. Ta mayar da su gurbinsu. Munir ya duba kalmar ƙasa da ta sama, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya cika." Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta.

Ta juyo za ta yi godiya, sai ta ga Baffa bai janye hannunsa ba. Tafinsa a buɗe yake, yana jiran ƙari, kamar yadda ya saba.

Babi ɗaya ya rage masa ya sauke littafin.

Munir ya yi gyaran murya. "Baba, littafin zai tafi Kano yau. Amma na ɗauki hotonsa, zan buga maka a takarda, har ya fi wannan fitowa."

Baffa ya dubi kwalayen da ke bakin ƙofa, kamar sai yanzu ya lura da su. Bai yi musu ba. Ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"To," ya ce. "Ashe an tashi makarantar. Ni ne ban ji ba."

Maganar ta soki Lubabatu. Ta san abin da ke jiran warƙa a ruga: ruwa, gobara, akuya, jikoki masu ƙiriniya. Ta san Baffa ba mai sauri ba ne a karatu, kuma shekaru sun ja. In ta zaro babin nan, mai yiwuwa shi ke nan, littafin Malam ba zai ƙara cika ba har abada, kuma da hannunta ta watsa shi. Tsoro ya kama ta sosai, ba ta kuma da tabbacin Malam zai yarda da abin da take shirin yi.

Ta jawo gafakar ta zaro babin ƙarshe.

"Malama," in ji Munir, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in muka rufe kwalin haka, mai saura zan rubuta."

"Rubuta. Ka ƙara da cewa ragowar na hannun ɗalibi."

"Hoton fa?"

"Ni za ka buga wa, in riƙa bin sa da shi."

Baffa ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe a fatarsa. Munir ya gyara bayanin a kwamfuta. Lubabatu ce da kanta ta sa littafin a kwali ta rufe, hawaye na zuba ba ta share ba. Aka loda, mota ta tashi, soron ya zama fanko.

Baffa ya sa takalminsa ya ɗauki sanda, ya tsaya a bakin zaure.

"Yaushe zan dawo in biya?"

"Duk ranar da ka shirya, Baffa," ta ce. "Ina nan."