Saƙon da Babu Gaisuwa

"Cire gaisuwar nan, Anti," in ji ƙanin mijinta, yana nuna allon kwamfutar da tsinin biro.

Malama ta dube shi kamar ya ce ta yar da mayafi a tsakiyar kasuwa. Shekara da shekaru tana koya wa yara rubutun wasiƙa, duk wanda ya manta gaisuwa sai ya sha jan biro. Yau ga ta a kan benci a shagonsa na gyaran kwamfuta, ita ake yi wa gyara.

Autanta ne kwance da ciwon zuciya, ko tsakar gida ba ya iya ƙetarewa sai ya tsuguna. Wani asibiti mai nisa ya yarda ya yi masa aiki kyauta, gurbi ɗaya ya rage, abin da suka nema kawai a tura sakamakon gwaji ta imel. Ta tura. Ta kira, sakatariyar asibitin ta ce bai iso ba. Ta yi ta turawa safe da yamma, ga likita, ga sakatariya, ga duk adireshin da ta gani a shafinsu, kowane saƙo ya fi na baya roƙo.

"Akwai na'urar da ke tace saƙonni," in ji ƙanin mijin. "Ta ga 'taimakon gaggawa', ta ga 'don girman Allah', ga shi kin tura wa mutane barkatai. Sai ta watsa ki kwandon shara, inda ba mai leƙawa."

"Ni ce shara?"

"Ba ke ba. Haka 'yan damfara suke rubutu, sak."

A da, da ya samu abin tsokanarta na wata guda. Yau ko murmushi bai yi ba. Ya buɗe mata sabon adireshi, ya tura mata kwamfutar gabanta.

Ta goge gaisuwa. Ta goge tambayar iyali da aiki. Ta goge inda ta ce yaron ya daina wasa, da inda ta ce ba ta da kowa sai Allah sai su. Da ta zo kan "ɗana" ta tsaya.

"Wannan ma?"

"Sa lambar fayil ɗinsa, ta fi."

Ta sa. Abin da ya rage layi ɗaya ne, wanda ko maƙiyinta ba za ta rubuta wa ba. Ta tura.

Ba ta gama gyara mayafi ba wayarta ta yi ƙara. Sakatariyar ce.

"Ya shigo, Malama. Na kuma duba kwandon, na ga sauran duka. Na karanta su. Wallahi sai da na yi kuka."

"Na gode, 'yar'uwa. To yaushe za mu kawo shi?"

Malama tana jin ƙarar fanka daga can ofishin.

"Jiya aka ba wani yaro gurbin. Mun ɗauka kun fasa."

Malama ta dafa benci. Ƙanin mijinta ya kau da kai, ya kama kwance wata kwamfutar da ba abin da ya same ta.

"Ita uwar yaron," Malama ta ce a hankali, "me ta rubuto muku?"

"Ba ta rubuta komai ba. Takardun kawai ta turo."