Dodannin Anti Siew Lan

Ni dai tun da muka tare a unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje, ban yarda da ƙofar da ke kallon tamu ba. Wata tsohuwa 'yar China ce a ciki, Anti Siew Lan, ita kaɗai. Rannan ta bar ƙofa a buɗe na leƙa, sai da tsigar jikina ta tashi. Kantoci hawa-hawa, duk mutum-mutumi: wani rabi mutum rabi akuya yana busa sarewa, wata barewa mai fuskar mace, wasu 'yan mitsi-mitsi masu fukafukai zaune a kan ganyen tangaran. Wai tsofaffin kaya ne masu siffar aljanun daji, ita da marigayi mijinta suka yi ta tsintowa a kasuwannin gwanjo.

Na ja kunnen 'yata Halimatu, mai shekara biyar. "Kika taka ɗakin dodannin nan, sai jikinki ya gaya miki." Babanta ya ce ai ado ne kawai. Na ce ado a gidan wa?

Sai ga korona. Aka gwada mu, ni da shi mun kamu, yarinya lafiya lau. Jiki ya yi tsanani, aka ce cibiyar killacewa za a kai mu. To Halimatu fa? Na kira matan 'yan'uwanmu ɗalibai da ke unguwar Danau Kota, kowa da uzurinta, ga hanyoyi a rufe, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Ina zaune ina kuka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti ce, da takunkumi har biyu a fuska.

Ta ce, "Ba ni ita, lah," irin yadda mutanen nan ke ƙarasa magana.

Tsohuwa mai ciwon suga, za ta ɗauki yarinyar da ta kwana a jikin masu cuta. Na miƙa ta, ba don raina ya so ba.

A cibiya zazzaɓi bai dame ni ba kamar tunanin 'yata tana barci wannan ɗan akuyar yana kallonta. Da na ɗan farfaɗo na kira su ta bidiyo. Ga Halimatu tana cin shinkafar da Anti ta sayo a shagon Musulmi, baki duk mai. Bayanta kuwa kantoci wayam.

Na ce, "Ke, ina dodannin?"

"Anti ta naɗe su a jarida. Ta ce sun tafi barci, don in ji daɗin yin salla."

Ban taɓa gaya wa matar nan komai ba. Ashe tana lura da yadda nake fizge yarinya in mun zo wucewa. Kunya ta kama ni.

Ranar da aka sallame mu na shiga ɗakin, karo na farko. Halimatu ta yi ƙiba har da kumatu. Kwalaye jibge a lungu, ɗaki ya yi fayau. Na tambayi Anti ko ba ta yi kewarsu ba.

Ta yi 'yar dariya. "Tun da mijina ya rasu da su nake hira. Amma wannan 'yar taki ta fi su surutu." Ta kalli yarinyar tana sa takalmi za ta bi ni, sai dariyar ta ɗauke.

Na ajiye jakata, na zauna a ƙasa kusa da kwalayen. Na ce, "Anti, miƙo min na farko, ki nuna min inda yake zama, mu mayar da shi."